Fentin amalanke: a kula da dalma

Makiyayin Baudeta, danshin takin da kake kaiwa gona shi ke cin ƙarfen amalankenka. Gyara shi da bazara, tun ruwa bai sauka ba. Kankare tsatsar da burushin ƙarfe, musamman wajen walda, ka shafa fenti mai hana tsatsa sau 2, na farko ya bushe tukuna.

In ka je saye Tasawa ko Mayahi, tambayi mai kanti ko akwai dalma ciki, don wani jan fentin na da ita. Maraƙi kuwa komi lasa yake. Dalma na makantar da shi, ya dinga cizon haƙora, har ya mutu. Kar ka kankare kusa da turke, gwangwanin kuma binne shi. In dabba ta lasa, garzayo wajen likitan dabbobi.