Ajin Da Ba A Tsawa: Me Ya Sa Mata Ke Koyon Tuƙin Jirgin Ruwa Su Kaɗai?

Masu zama a bakin tasoshin ƙananan jiragen ruwa a Turai da Amurka sun saba da wani kallo da yamma, lokacin da jirage ke komowa. Maigida yana baya riƙe da sitiyari, uwargida tana can goshin jirgi tana kokawa da igiya mai nauyi ko sarƙar anka, iska na kaɗawa, gaɓa na matsowa. Sai ka ji murya ta tashi: ja, saki, ba wannan ba, waccan! Kafin a ɗaure jirgi rai ya ɓaci. Abin lura shi ne, riƙon sitiyari ba ya neman ƙarfin damtse, jan sarƙa kuwa yana nema. Mai ƙarfin ya ɗauki aikin da natsuwa kawai yake so, ya bar wa abokiyar zamansa na ƙarfi, sannan in abu ya kwaɓe a ce mata ba su iya ruwa ba.

Wannan kallo ne ya haifi makarantun koyar da mata zalla. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Womanship, wadda wata mata mai suna Suzanne Pogell ta kafa a 1984 a Annapolis, babban birnin jihar Maryland ta Amurka, a bakin mashigin ruwan Chesapeake. Malamai mata, ɗalibai mata, taken makarantar kuma gajere ne: ba mai yi wa wani tsawa. Daga baya irin waɗannan azuzuwa suka bazu a Ingila da Ostareliya da wasu ƙasashe. Har Oman, ƙasar da ke da tsohon tarihin fatauci ta teku, ta buɗe shirin horar da mata a ƙarƙashin hukumarta ta Oman Sail.

Jirgin da ake magana a kai ba kwalekwalen da ake turawa da gora ko filafili ba ne, ba kuma mai inji ba. Iska ce ke tafiyar da shi. Akwai dogon turke a tsakiyarsa, an ɗaura masa ƙaton ƙyalle ɗaya ko biyu. In iska tana bayanka, abin da sauƙi, tura ka take yi. Gwanintar tana wajen tafiya zuwa inda iskar ke fitowa. Idan aka karkata ƙyallen daidai, sai ya yi lanƙwasa kamar fuffuken jirgin sama, iskar da ke bin bayan lanƙwasar ta fi ta ciki gudu, bambancin matsin da ke tsakaninsu ya ja jirgin. Jan yana zuwa ne a kaikaice, don haka a ƙarƙashin jirgin akwai wani faffaɗan faranti mai nauyi da ke nutse cikin ruwa, yana hana shi zamewa gefe, yana kuma hana shi kifewa. Ba jirgin da ke iya fuskantar iska kai tsaye. Mafi yawansu sai sun kauce mata da kusan digiri 45, su yi ta tafiya suna karkata dama da hagu har su isa. Kowace juyawa kuwa tana bukatar a saki igiya ɗaya a ja wata cikin 'yan daƙiƙu, mai sitiyari da mai igiya su zama kamar hannu biyu na mutum ɗaya. A nan ne tsawa ke shigowa, a nan ne kuma take ɓata komai, domin wanda aka firgita ba ya jin iska a kumatunsa, muryar mai tsawa kaɗai yake ji.

Masu goyon bayan ajin mata sukan ce mace ta fi son ta fahimci dalili kafin ta taɓa igiya, namiji kuwa ya fi son ya taɓa tukuna, in ya yi kuskure ya gyara. Malamai da yawa suna ba da wannan shaida daga abin da suka gani, ban kuma ƙaryata su ba. Amma tambayar da ya kamata a yi ita ce: halitta ce ta kawo haka, ko kuwa tarbiyya da abin da ke biyo bayan kuskure? Yaron da ya kifar da ƙaramin jirgi, a ce masa jarumi, gobe ya sake. Matar da ta goga jirgin mijinta a jikin gaɓa, sai a shekara ana ba da labarin. Wanda kuskurensa ke da tsada dole ya yi ta tambaya kafin ya motsa.

Binciken masana halayyar ɗan Adam ya fi karkata ga wannan fahimta. A 2005, Farfesa Janet Hyde ta Jami'ar Wisconsin ta tattara manyan nazarce-nazarce 46 da suka kwatanta maza da mata ta fuskar tunani da hali, ta tarar kusan kashi 78 cikin 100 na bambance-bambancen da aka auna ƙanana ne ko kuma kusan babu su. A 2014 ita da abokan aikinta suka duba nazari 184 kan makarantun da ke raba maza da mata, wanda ya shafi ɗalibai sama da miliyan ɗaya da rabi, suka ga cewa a binciken da aka yi da tsanaki, rabawar ita kaɗai ba ta ƙara wani abin a-zo-a-gani a sakamako. Wannan kan makarantun boko ne, ba kan ruwa ba, amma ya isa ya sa mutum ya yi hattara da masu cewa ƙwaƙwalwar mace wata iri ce daban da sai an yi mata darasi na musamman.

Akwai bambance-bambance na gaskiya, bai kamata a ɓoye su ba. A matsakaici, ƙarfin ƙirji da damtsen mace yakan kama daga rabi zuwa kashi biyu bisa uku na namiji. Mata sun fi yawan kawo kukan jiri da tashin zuciya a kan teku. A gwajin juya siffar abu a cikin tunani, maza sukan fi samun maki, ko da yake horo yana ɗaga makin kowa. Sai dai jirgin zamani an gina shi ne don kada a dogara da ƙarfi. Akwai na'urar naɗe igiya mai kama da ƙaramin turmi, ana zagaya mata igiya a juya da hannu, ta ninka ƙarfin mutum sau da yawa. Akwai kuma dabarar lokaci: in ka ja igiya a daidai sa'ad da ƙyalle ya saki iska, yaro ma zai ja ta, in ka makara da daƙiƙa uku, ƙato ma sai ya yi gumi. Malaman mata sukan dage a kan wannan, don ɗalibansu ba su da ƙarfin da za su rufe kuskure da shi. A ganina wannan koyarwa ta fi inganci ga kowa, har da maza.

Ƙananan yara ma shaida ne. A jirgin Optimist, wanda yara ke koyo da shi har zuwa shekara 15, maza da mata tare suke tsere, kuma an samu 'yan mata da suka lashe gasar duniya gaba ɗaya. Raguwar mata tana farawa ne daga baya, sa'ad da aka shiga manyan jirage, inda wani ne ke zaɓen wanda zai hau da aikin da zai yi.

A 2019 gidauniyar World Sailing Trust ta tambayi mutum sama da 4,500 daga ƙasashe 75. Kashi 59 cikin 100 na matan suka ce an taɓa nuna musu wariya saboda jinsi, a maza kuwa kashi 14 ne. Abin yana da tushe mai nisa. Tsofaffin matuƙan Turai sun daɗe da camfin cewa mace a jirgi tana jawo masifa. Kulob ɗin Royal Yacht Squadron na Ingila, wanda aka kafa a 1815, bai amince mata su zama cikakkun mambobi ba sai 2013. A gasar Olamfik, wata Hélène de Pourtalès tana cikin ayarin Suwizalan da ya ci zinare tun a 1900, amma sai a gasar Seoul ta 1988 aka ware wa mata tserensu.

Labarin da ya fi nuna inda gizo ke saƙa shi ne na Tracy Edwards, 'yar Birtaniya. A gasar zagaya duniya ta Whitbread ta 1985 zuwa 1986, an ɗauke ta a jirgi, amma a matsayin kuku. Ta ga cewa muddin tana jiran maza su ba ta wani aiki, a bakin tukunya za ta ƙare. Sai ta jinginar da gidanta ta sayi tsohon jirgi mai tsawon ƙafa 58, ta sa masa suna Maiden, ta tara mata zalla. Kamfanonin ƙasarta suka ƙi ba ta tallafi, 'yan jarida suka yi ta yi musu ba'a, wasu suna cewa ko zangon farko ba za su kammala ba. Sarki Husaini na Jodan ne ya tsaya mata, ta hannun kamfanin jiragen saman ƙasarsa. A gasar 1989 zuwa 1990, Maiden ta lashe zango biyu a rukuninta, ciki har da doguwar tafiya daga Uruguwai zuwa Ostareliya ta cikin tekun kudu mai ƙanƙara, ta kuma ƙare a matsayi na biyu a rukunin. A jirgin mata zalla ba wanda za a miƙa wa aiki mai wuya. Dole wata ta zama mai lissafin hanya, wata ta hau turke, wata ta gyara inji. Sirrin ajin mata ke nan, kuma bai wuce haka ba.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu mace ta koyar da mace. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru a kan haka, malamai mata da ake kira jaji suna kai karatu ƙauyuka ga matan da ba za su zauna gaban malami su yi tambaya a sake ba. Duk wanda kuma ya taɓa ganin miji yana koya wa matarsa tuƙin mota ya san yadda darasi kan rikiɗe ya zama rigimar gida.

Dalilin da ya fi damuna, duk da haka, na rai ne. Ma'aurata da yawa suna tafiya mai nisa su biyu rak. Idan igiyar ruwa ta share maigida ya faɗa teku, ko ciwon zuciya ya kama shi, wa ya rage? Dawowa a ɗauki mutumin da ya faɗa ruwa yana cikin ayyuka mafi wuya: a sa masa ido kada a ɗauke, a jefa masa abin riƙewa, a rage ƙyalle, a juyo da jirgi, a tsayar da shi daidai gefensa ba tare da an take shi ba, sannan a ciro shi da jiƙaƙƙun kaya. Jirgin da ke tafiyar kilomita 11 a awa yana yin nisan mita 180 a minti ɗaya, kan mutum kuwa a cikin igiyar ruwa bai fi ƙwallo ba. A ruwan sanyi hannuwa kan daina aiki cikin mintoci. Matar da ta shekara goma a jirgi tana dafa abinci da jan igiya, ba ta taɓa juya shi da kanta ba, ba za ta koya a wannan minti ba. Mijin da ya hana matarsa sitiyari ya hana kansa mai ceto.

Ajin mata yana da nasa haɗari. Idan ya zama wurin da ake lallaɓa ɗalibai, a rage musu wahala, a fita da su sai ranar da ruwa ya kwanta, to ya tabbatar da zargin da aka kafa shi don ya ƙaryata. Teku ba ta san jinsi ba. Rashin tsawa ba ya nufin rashin ɗaga murya, domin a cikin guguwa dole a yi magana da ƙarfi kafin a ji. Abin da aka hana shi ne wulaƙanci. Haka kuma in mata suka tsaya a ajinsu har abada, manyan jirage za su ci gaba da zama yadda suke. Masu shirya gasar zagaya duniya ta Volvo ta 2017 zuwa 2018 sun gane haka, suka sa doka: ayarin maza zalla mutum 7 kawai zai ɗauka, wanda ya haɗa da mata zai iya kaiwa 9 ko 10. Nan take kyaftin-kyaftin suka shiga neman mata, suka kuma same su, don da ma suna nan.

Hukuncina shi ne ajin mata zalla yana da amfani ƙwarai a matakin farko, musamman ga wadda ta fara a girma ko wadda aka taɓa kunyatawa, amma amfaninsa daga sauya rabon aiki yake zuwa, ba daga wata halitta ta daban ba. Makarantar da ta haɗa maza da mata za ta iya samun irin wannan sakamako in malami ya tabbatar kowa ya riƙe sitiyari daidai lokacin da ɗan'uwansa ya riƙe, ya kuma hana mai zumuɗi fizge igiya daga hannun wadda ke ƙoƙari.

Abin da mata ke iyawa in an sakar musu jirgi ya riga ya fito fili. Ellen MacArthur, mace ƙarama a jiki, ta zagaya duniya ita kaɗai cikin kwana 71 a 2005, ta karya tarihin da namiji ya kafa. Hafsoshi mata 6 na sojan ruwan Indiya sun zagaya ta a jirgin Tarini daga 2017 zuwa 2018. A 2023 Kirsten Neuschäfer ta Afirka ta Kudu, ita kaɗai mace cikin mutum 16 da suka tashi, ta lashe gasar zagaya duniya ta Golden Globe bayan sama da kwana 230 a teku, kuma a hanya ta kauce ta ceto abokin takararta, Tapio Lehtinen ɗan Finlan, wanda jirginsa ya nutse a tekun Indiya. A watan Afrilun 2024 kuma, tsohon jirgin nan Maiden, da sabon ayarin mata ƙarƙashin Heather Thomas, ya zo na ɗaya a gasar Ocean Globe, karo na farko da ayarin mata zalla ya lashe tseren zagaya duniya.