Dakta Bala Usman da tarihin da ya ƙi a mayar faɗan ƙabilu

Ranar 24 ga Satumba, 2005 Allah ya yi wa Dakta Yusufu Bala Usman rasuwa, yana da kimanin shekara 60. Jama'a sun fi tunawa da shi a matsayin ɗan gwagwarmaya mai kaifin harshe, jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya zaɓi tsayawa tare da talakawa a jam'iyyar PRP, har ya riƙe sakataren gwamnatin Jihar Kaduna a zamaninta. Duk wannan gaskiya ne. Amma a ganina babban abin da ya bar mana yana cikin aikinsa na tarihi, kuma can ne aka fi yi masa riƙon sakainar kashi.

Digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello, a sashen tarihin da Farfesa Abdullahi Smith ya gina, a kan Katsina ya yi shi, aka buga shi littafi a 1981 da suna The Transformation of Katsina, 1400-1883. Kafin nan, yawancin abin da Turawa suka rubuta kan jihadin 1804 bai wuce cewa Fulani sun ƙwace mulki daga hannun Haɓe ba. Bala ya ce wannan awon ya yi kaɗan. Ya bi gari-gari da zuriya-zuriya, ya duba rubuce-rubucen malamai, ya saurari tsofaffi, sannan ya auna kowace ruwaya da 'yar'uwarta kafin ya karɓe ta. Abin da ya fito shi ne ƙasa mai cike da baƙi da fatake da makiyaya da almajirai, inda sana'a da wurin zama da alaƙa da fada suka fi asali tasiri wajen wanda mutum zai bi. Akwai Hausawa a rundunar masu jihadi, akwai Fulanin da ba su shiga ba. Ko sarautar Katsina da ta koma Maraɗi bayan faɗuwar birni, ba a fahimtarta sai an ajiye tabarau na ƙabila.

Wannan idon ne ya kalli siyasar zamaninsa da shi. A kwamitin tsara kundin mulki da Murtala ya kafa a 1975, shi da Segun Osoba suka ƙi bin sahun sauran, suka rubuta nasu rahoton na marasa rinjaye. A 1987, shekarar rikicin Kafanchan, ya fitar da The Manipulation of Religion in Nigeria, inda ya nuna cewa dillalan da ke cin riba tsakanin dukiyar ƙasa da kamfanonin waje su ne ke rura wutar addini don kada talaka ya tambayi inda kuɗi suka tafi. Akwai masu cewa ya rage wa imanin mutane nauyi a wannan bayani, kuma ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya. Sai dai duk wanda ya ga yadda ake raba mu a kowace kakar zaɓe zai yi wuya ya ce Bala ya yi ƙarya.

Abin da ke damuna yau shi ne yadda zancen "Hausa daban, Fulani daban" ya dawo da ƙarfinsa a Facebook, sanadin ta'asar 'yan bindiga a Zamfara da Katsina. Matasan da ke wannan musu, mafi yawansu ba su taɓa riƙe littafin Katsina ba, don da Turanci yake, kuma samunsa sai an sha wuya. Cibiyar CEDDERT da Bala ya kafa a Zariya ta sake fito da rahotonsa da Osoba a 2019. Ya kamata ita da jami'o'inmu su ɗauki nauyin mayar da littafin Katsina zuwa Hausa.