Abin da Ya Raba Kwatano da Kisumu

A tsakiyar shekarun 1990, duk wanda ya shimfiɗa taswirar Afirka ya sa alama a wuraren da ƙanjamau ta fi ɓarna sai kansa ya ɗaure. Gabashi da kudancin nahiyar sun cika da alamomi, yammaci kuwa tsilli-tsilli. Talaucin kusan ɗaya ne, ƙarancin asibiti ma haka. To daga ina bambancin ya fito?

Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce ɗabi'a, wai mutanen can sun fi yawan neme-neme. An daɗe ana faɗin haka ba tare da an auna ba. Sai a 1997 da 1998 wata tawagar masu bincike ta zaɓi birane huɗu: Kwatano a Jamhuriyar Benin, Yawunde a Kamaru, Kisumu a Kenya da Ndola a Zambiya. A kowane birni suka bi gida-gida, suka yi wa maza wajen 1,000 da mata wajen 1,000 tambayoyi, suka ɗebi jini. A Kwatano, kusan mutum 3 cikin 100 ke ɗauke da ƙwayar HIV. A Kisumu da Ndola, maza wajen 20 cikin 100, mata wajen 30. Amma da aka zo lissafin abokan kwanciya, sai ga Yawunde, inda cutar ke da sauƙi, ta fi Kisumu da Ndola yawan sauye-sauye. Zargin farko ya faɗi ke nan.

Aka koma kan ƙwayar kanta, ko ta gabas ta fi dafi. Nan ma ba a ci nasara ba, domin nau'in da ya fi yawa a Kisumu dangin wanda ke yawo a Kwatano da Yawunde ne.

Abu biyu suka rage a faifai. Ɗaya wata cutar sanyi ce mai fesowa da ƙuraje a al'aura, wadda ta fi yawa a biranen gabas. Ɗayan kuwa abu ne da Bahaushe ya saba gani tun yana yaro, lokacin hunturu in wanzami ya zo gida da zabirarsa: kaciya. A Kwatano da Yawunde kusan kowane namiji na da ita. A Kisumu, ƙasar ƙabilar Luo waɗanda ba sa yi a al'adance, masu ita ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. A Ndola sun ma fi haka ƙaranci.

Ba wannan ne karon farko da aka hango alaƙar kaciya da cutar ba. Tun 1989 likitoci a Nairobi sun lura cewa cikin mazan da ke zuwa asibitin cututtukan sanyi, marasa kaciya sun fi kamuwa nesa ba kusa ba. Masana da yawa suka ƙi yarda, kuma suna da hujja. Masu kaciya galibi Musulmi ne ko 'yan wasu ƙabilu; watakila rashin shan giya ne ke kare su, ko tsarin aurensu, kaciyar kuwa ta zo a rakiya kawai.

Hanya ɗaya ce ta raba gardama, wato ƙuri'a. A Orange Farm kusa da Johannesburg, Bertran Auvert da abokan aikinsa suka tara samari 3,274 masu son a yi musu kaciya. Rabi aka yi musu nan take, rabi aka ce su jira, ƙuri'a ce ta zaɓa, saboda haka addini da ƙabila da hali duk sun rabu daidai a ɓangarorin biyu. A 2005 aka duba: mutum 20 suka kamu cikin waɗanda aka yi wa, 49 cikin masu jira. Kariyar ta kai wajen kashi 60 cikin 100. Aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa, don ci gaba da sa mutane jira ya zama zalunci. Wasu gwaje-gwaje biyu, a Kisumu da Rakai ta Uganda, suka ba da sakamako makamancin wannan a Disambar 2006, kuma a Maris 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kaciya cikin hanyoyin rigakafi.

Dalilin yana jikin fatar da ake cirewa. Cikinta laushi gare shi, yana saurin tsagewa, kuma cike yake da irin ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke fara kamawa. Damshin da ke ƙarƙashinta kuma na tara ƙananan halittu masu jawo kumburi.

Sai dai kashi 60 ba 100 ba ne. Nijeriya, inda kusan duk maza ke da kaciya, tana da mutane kusan miliyan 2 masu ɗauke da cutar. Masu binciken Rakai sun kuma gwada ko kaciyar mijin da ya riga ya kamu za ta kare matarsa. A 2009 suka bayyana cewa ba ta karewa, kuma matan da mazansu suka kusance su kafin rauni ya warke sun fi shiga haɗari. Shi ya sa a asibitocin da ake wannan aiki, ba a sallamar mutum sai an jaddada masa ya haƙura na makonni 6.