Littafin Takobi na Wani Gida a Malbaza

Idan aka gama kaka, gero ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara sauko da ƙura daga arewa, to a ƙasar Nijar an san lokacin kokowa ya yi. A ko'ina wannan lokacin murna ne. Amma a wani gida da ke Malbaza, kusa da babbar hanyar da ta fito daga Birnin Ƙonni ta nufi Galmi, murnar tana zuwa da wani nauyi, domin mai gidan da ya koya wa iyalinsa son kokowa ya riga mu gidan gaskiya.

Marigayin ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a izin ta siminti, wadda ta sa sunan Malbaza ya kai ko'ina cikin ƙasa. Shi ba ɗan kokowa ba ne. Matarsa, wadda har yau kunya ba ta barinta ta ambaci sunansa sai dai ta ce Malam, takan yi dariya ta ce ko ɗan akuya bai taɓa kayarwa ba. Abin da Allah ya ba shi shi ne kunne da riƙo.

A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, aka shirya gasar kokowa ta ƙasa karo na farko, kuma a Tawa aka yi ta. Malam ya nemi izini wurin aiki, ya hau babbar mota ta Tsarnawa da Badagishiri da bargonsa a kafaɗa. Ya tafi da fatan takobi zai kwana a jaharsu, sai ga shi Yakuba Ango na Maraɗi, wanda duniya ta sani da Kantu, ya ɗauke shi. Ya komo gida murya a dishe, aljihu babu ko dala, amma da ɗan littafi da ya saya a kasuwa, ya rubuta a shafin farko da ajami: garin da aka yi gasa, wanda ya ci, da irin kayen da ya yi.

Tun daga nan bai fasa ba. Shekarun da bai samu zuwa ba, rediyo ya zama filinsa. Yakan hura wuta a ƙofar gida, ya kama Muryar Sahel, maƙwabta su kewaye shi da mayafai, a yi tsit kamar ana huɗuba. Wanda bai san tsarin gasar ba zai yi mamakin wannan tsit ɗin. Kowace jaha tana kawo ƴan kokowa goma, jaha ta kara da jaha, kuma wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi ko da zai ci gaba da shiga fili. Saboda haka kowace safiya Malam yakan ƙirga waɗanda ba su faɗi ba, ya ja layi a kan sunan wanda ya sha ƙasa jiya. Ranar da ya ja layi a kan ɗan Tawa, uwargida ta san tuwon dare zai kwana a kwano.

Littafin cike yake da manyan sunaye: Salma Ɗan Rani na Doso, Kadade da Kasu Kazuga na Tawa, Bala Haruna na Damagaram. A gefen sunan Kadade tawada ta yi kauri, alamar an bi rubutun sau biyu don daɗi. Ga kuma ƴan kalmomi nan da can a kan kiɗan Sagalo, da layu da guraye, da wanda ya yi kirari ya cika baki sa'an nan ya faɗi tun ba a gyara zama ba. Bai taɓa zagin wanda ya kayar da nasu ba. Wannan hali, a gaskiya, ya yi ƙaranci a bakin fili yanzu.

Da tele ta shigo gidaje, ya duba ta ƴan shekaru, daga baya ya koma ga rediyonsa, wai hoto yana hana mutum jin ganga. Ya ga jahohi sun ƙaru daga 7 zuwa 8, ƴan kokowa sun kai 80. Ya ga Malbaza ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Ya kuma ga tashen Isaka Isaka na Doso, amma bai kai ga ganin takobinsa na shida ba, wanda ya ɗauka a Agadas a ƙarshen 2023.

Nan ne maganar ta tsaya wa iyalin. Ƴaƴansa sun yi lakwal, boko da Faransanci suka iya, ajamin tsohon kuwa irin na da ne, mai wuyar karatu. Biyu daga cikinsu suna cin rani, ba su zuwa gida sai damina. Babban ɗan ya so a kai littafin Yamai a juya shi da na'ura don kada gara ta ci. Tsohuwar ta ƙi. A ganinta littafin da ya fita daga ɗakin ba zai komo ba, kuma shi ne kaɗai abin da ya rage mai ɗauke da hannun Malam.

Aka yi shekara guda shafin yana fari. Da sanyi ya kewayo, sai ta kira jikanta da ke makarantar allo, wanda take tsokana da angonta, ta ciro littafin daga ƙasan adaka inda yake naɗe cikin tsohon rawani. Yaron ya yi ta haɗa baƙi da ƙyar har ya fitar da sunan Kantu, ita kuwa tana gyara masa daga abin da ta haddace, ko da yake ba ta taɓa sanin harafi ba. A kwana uku suka bi shafukan duka. Inda ruwa ya ɓata tawada, ita ta cike.

Yanzu yaron ne ke rubutu. Wayar salula ce a hannunsa, amma kakar ta kafa sharaɗi: sai an hura wuta a ƙofar gida, kuma ba a jan layi a kan sunan kowa sai da safe, bayan salla.