Gwangwanin Gawayi a Tsohon Babur: Aikinsa da Matsalar Cire Shi

Fetur ruwa ne mai saurin zama tururi, saboda haka babur da aka ajiye a rana yana asarar wani ɓangare na mansa ta hanyar numfashin tanki ko da ba a tayar da injin ba. A farkon shekarun 1950 masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hazon da ke turnuƙe birnin Los Anjalas na Amurka yana samuwa ne idan irin wannan tururi ya haɗu da iskar da injuna ke fitarwa a ƙarƙashin hasken rana. Wannan bincike yana daga cikin abubuwan da suka kai jihar Kalifoniya ga kafa hukumar kula da tsabtar iska a 1967, kuma a farkon shekarun 1980 hukumar ta wajabta wa baburan da ake sayarwa a jihar na'urar tare tururin fetur. Tarayyar Turai ba ta sanya irin wannan sharaɗi ba sai a ƙa'idar Euro 4, wadda ta fara aiki a 2016.

Na'urar ba wani abu ba ce illa ƙaramin gwangwani cike da gawayi da aka sarrafa, wato gawayin itace ko na ɓawon kwakwa da aka gasa har ya cika da ƙananan ramuka waɗanda ido ba ya gani, ta yadda faɗin farfajiyar giram ɗaya nasa yakan wuce murabba'in mita 500. Tiyo guda yana kawo tururi daga tanki, gawayin ya riƙe shi muddin babur yana tsaye, sa'annan idan injin ya tashi sai zuƙar da yake yi ta jawo iska ta ƙasan gwangwanin, ta kwashe tururin ta wani tiyo na biyu zuwa kafireta domin a ƙone shi tare da sauran mai. Ke nan abin da yake tarawa mai ne da aka riga aka biya kuɗinsa.

Duk da haka masu tsofaffin babura da yawa suna cire shi, bisa zaton yana rage wa injin ƙarfi, zaton da ba shi da tushe, domin gwangwanin ba ya kan hanyar salansa kuma nauyinsa bai taka kara ya karya ba. Ƙorafin da ke da hujja shi ne na lalacewa. An yi gawayin ne domin tururi, ba domin ruwan fetur ba, don haka idan aka saba cika tanki har baki, ko babur ya faɗi ya jima a kwance, mai yakan gangara ya jiƙe shi sharaf, injin ya riƙa samun man da ya fi ƙarfin iskarsa, ya yi wuyar tashi, fulogi ya yi baƙi. Idan kuma ƙura ko laka ta toshe ƙofar iskar gwangwanin, tanki ba zai sami iskar da za ta maye gurbin man da ke fita ba, sai babur ya mutu a tsakiyar tafiya kamar mai ya ƙare, alamar hakan kuwa ita ce ƙarar zuƙar iska da ake ji idan an buɗe murfin tanki. Galibin waɗannan matsaloli canjin tiyo da ya tsage, ko sabon gwangwani, ko kuma daina cika tanki maƙil yana magance su.

Inda aka fi yin ɓarna wajen cirewa shi ne rikita tiyo biyun nan, waɗanda buƙatunsu suka saɓa wa juna. Kafar da ke zuwa kafireta dole ne a toshe ta da murfin roba mai jure fetur, in ba haka ba injin zai riƙa shaƙar iskar da ba a auna ba, aikinsa ya yi ta hawa da sauka idan babur yana tsaye, zafinsa kuma ya ƙaru. Tiyon numfashin tanki kuwa toshe shi kuskure ne babba, domin murfin tankin irin waɗannan babura ba shi da hujin iska. Abin da ake yi shi ne a sauke bakin tiyon ƙasa, nesa da salansa da tayar baya, tare da barin bawul ɗin da ke hana mai kwarara idan babur ya kife. A baburan da kwamfuta ke sarrafa feshin mansu akwai ƙarin bawul na lantarki a kan tiyon da ke kai tururi zuwa injin, kuma cire wayarsa yakan kunna fitilar gargaɗi.

Ta fuskar doka, dokar tsabtar iska ta Amurka ta haramta cire na'urorin rage gurɓata iska daga abin hawa, kuma gyaran da aka yi mata a 1990 ya faɗaɗa haramcin har ya shafi mai abin hawan kansa. Ta fuskar lafiya kuwa, tururin fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana haddasa sankarar jini, lamarin da ya fi shafar wanda ke kwana da baburinsa a zaure ko a rufaffen ɗaki.