Masaukin Mala'iku: Dutsen Da Ake Hawa Da Sarƙa

A can yammacin ƙasar Amurka, a kudancin jihar Yuta, akwai wani gandun daji na gwamnatin tarayya wanda duk mai karanta Littafi Mai Tsarki zai ji sunansa kamar na gida. Sunan gandun Sihiyona. A cikinsa akwai waɗansu manyan duwatsu uku a jere da ake kira Ibrahim da Ishaku da Yakubu, akwai kuma wani da ake kira Babban Farin Kursiyi, sunan da aka ɗauko daga Wahayin Yahaya. Amma wanda ya fi jan hankalin jama'a, wanda kuma muke so mu yi magana a kansa a wannan mako, shi ne dutsen da Turawa ke kira Angels Landing, wato Masaukin Mala'iku.

Tun kafin zuwan Turawa, 'yan ƙabilar Payut ne ke zaune a wannan kwari, inda wani kogi ya ratsa tsakanin jajayen duwatsu. Wajen shekarar 1863 wani manomi ɗan ɗarikar Mormon mai suna Isaac Behunin ya kafa gida a wurin, shi ne kuma aka ce ya raɗa wa kwarin suna Sihiyona. Gwamnati ta keɓe wurin a 1909, sa'an nan a 1919 ta mai da shi gandun ƙasa. A 1916 ne wani faston Metodis, Frederick Fisher, ya ziyarci kwarin. Da aka ɗaga kai aka dubi wannan dutse, sai aka ce ai ba mai iya sauka a kansa sai mala'ika. Daga nan sunan ya bi shi.

To, shi ɗan Adam ba a ce masa ba ya iyawa. Shekara goma bayan haka, a 1926, sai ma'aikata suka sassaƙa hanya har zuwa ƙwanƙolin dutsen, wanda tsawonsa daga gindin kwarin ya kai ƙafa 1,488, wato mita 454. Zuwa da dawowa tafiyar mil 5 da 'yan kai ce, kusan kilomita 9, kuma takan ci wa mutum kamar awa huɗu.

Da fari hanyar ba ta da wuya. Mutum zai haye gada, ya bi gefen kogi, ya fara hawa sannu a hankali cikin rana. Daga nan sai ya shiga wani matsattsen kwazazzabo mai inuwa, wanda saboda sanyinsa suke kiransa Kwarin Firiji. Yana fita sai ya tarar da kwana 21 a jere, wata bisa wata, an gina su da dutse a jikin tudu mai tsayi. Waɗannan kwanoni suna ɗauke da sunan Walter Ruesch, shugaban gandun na farko, wanda aikin ya gudana a hannunsa. Nan ne gwiwa ke fara kuka. Wanda ya gama su zai isa wani fili mai yashi inda ake hutawa, ana hangen kwarin duka.

Daga wannan fili saura rabin mil kawai, amma wannan rabin mil shi ne magana. Hanyar ta bi ta kan doron dutse, siriri kamar bayan jaki. A waɗansu wurare faɗinsa bai wuce 'yan ƙafafu ba, ga rami dama, ga rami hagu, kowanne zurfinsa wajen ƙafa 1,000. Babu katanga, babu shinge. Abin da hukuma ta tanada shi ne sarƙar ƙarfe mai kauri da aka ɗaura a turaku, aka kafa cikin dutse. Sarƙar guda ɗaya ce, masu hawa da masu sauka duk ita suke riƙewa. In an yi kiciɓis, tilas wani ya raɓe ya jira wani ya wuce. Dutsen kuwa na yashi ne, yana da santsi in ya jiƙe. Da rani zafi yakan haura awu 38, da hunturu ƙanƙara takan rufe matakan, in hadari ya taso kuma ga hatsarin tsawa.

Duk da haka jama'a ba su fasa ba. A shekarar 2021 mutum fiye da miliyan 5 suka ziyarci gandun, kuma a ranakun hutu akan yi layi na awoyi kafin a kai ga sarƙar. Cunkoso a kan irin wannan hanya kuwa gayyatar mutuwa ne. Saboda haka tun daga ranar 1 ga Afrilu, 2022, hukumar gandun ta kafa doka cewa ba mai wuce filin hutawa sai da takardar izini, wadda ake samu ta hanyar ƙuri'a. Ba don ƙeta aka yi dokar ba. Daga shekarar 2000 zuwa yanzu mutum fiye da goma sun faɗo daga wannan hanya sun rasu, cikinsu har da wata yarinya 'yar shekara 13 a watan Fabrairu na 2018. Kowannensu da ƙafarsa ya fito da safe, da niyyar komawa gida.

'Yan'uwa, sunan wannan dutse ya tuna mana da wani wuri mai tsayi a cikin Bishara. A Matiyu sura 4 mun karanta yadda Shaiɗan ya kai Ubangijinmu Yesu kan ƙololuwar Haikali, ya ce masa ya dira, tun da Allah ya yi alkawari mala'iku za su tallafe shi. Mu lura, da Nassi Shaiɗan ya yi jarabar, domin Zabura ta 91 ya jawo. Alkawarin gaskiya ne, mala'ikun ma gaskiya ne. Amma Yesu bai dira ba. Ya amsa da cewa an hana mutum gwada Ubangiji Allahnsa. In Ɗan Allah da kansa ya ƙi jefa ransa cikin hatsari don ya nuna bangaskiya, mu su wane ne?

Mun kawo wannan ne domin akwai wani ciwo a cikinmu da muke kira bangaskiya, alhali ganganci ne. Direba ya san birkinsa ya mutu, ya cika mota da matan zumunta, ya ce jinin Yesu zai kai su. Uwa ta ga zazzaɓi ya kama ɗanta kwana uku, ta ce zuwa asibiti rashin dogara ne ga Allah. Matasanmu sukan hau duwatsu ran Litinin ɗin Ista ko lokacin sansani, babu babba tare da su, babu ruwan sha, ana gasar wanda zai tsaya a bakin gaɓa. In abin ya faru sai mu ce haka Allah ya so. Mu ji tsoron ɗora wa Allah laifin sakacinmu.

Mai hawan Masaukin Mala'iku da ya riƙe sarƙa hannu bibbiyu bai rasa bangaskiya ba. Sarƙar ma tanadin Allah ce, ta hannun waɗanda suka kafa ta. Haka birki, haka magani, haka dokar hukuma da shawarar dattawa. Wanda ya tsaya ya ba ɗan'uwansa hanya ya ceci rai biyu, nasa da na wancan. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

Akwai kuma waɗanda sukan isa filin hutawa, su dubi doron dutsen, su dubi sararin sama ko su ji jiri, su ce iyakarmu ke nan. Ma'aikatan gandun da kansu suna shawartar mai tsoron bisa da masu ƙananan yara kada su wuce nan. Babu abin kunya a wannan. Waɗannan mutane sun ga kyawun halittar Allah, sun kuma koma ga iyalinsu da daddare. Rai amana ce da za mu ba da lissafinta.

Saboda haka muna roƙon shugabannin matasa da malaman makarantar Lahadi, kafin kowace fita a yi addu'a, bayan addu'a kuma a duba mota, a ƙirga yara, a sa babba a gaba da wani a baya. Ubangiji ya ba mu zuciyar dogara gare shi, ya kuma ba mu hankalin riƙe sarƙar da ya tanada. Amin.