Labarin Reggie Rockstone, Mawaƙin Gana

A ƙasar Gana akwai wani kiɗa da ake kira hiplayif. Mutumin da ake yi wa kirari da uban wannan kiɗa shi ne Reggie Rockstone. Sunansa na yanka Reginald Osei.

An haife shi a Ingila, amma iyayensa mutanen Gana ne. Da yana saurayi ya yi suna wajen rawa a Ankara, babban birnin Gana. Daga nan ya koma Landan, ya shiga wata ƙungiyar mawaƙa mai suna PLZ. Irin waƙarsu ita ce hip-hop ta baƙar fatar Amurka. Mawaƙi yakan jero magana da sauri bisa kiɗa, kamar mai gambara. Da Turanci suke yi.

A shekarar 1994 ya komo gida. Ya tarar samarin Ankara suna son wannan waƙa ƙwarai, suna ta kwaikwayon bakin Amurkawa. Amma tsohuwa a kasuwa ba ta jin abin da suke faɗi. Manomi ma haka. To, ina amfanin waƙar da uwarka ba ta ji?

Sai Reggie ya juya waƙar zuwa harshen Tuwi, wato harshen Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa. Shi da abokinsa Rab Bakari, mai haɗa kiɗa, suka dukufa. Gana kuwa tana da tsohon kiɗanta na garaya irin ta Turawa da ƙaho, ana ce masa haylayif. Aka ɗauki rabin sunan hip-hop, aka haɗa da rabin haylayif, aka sami hiplayif.

A 1997 ya fitar da faifansa na farko, Makaa Maka. Samari suka ga ashe harshen gida ma yana hawa wannan kiɗa daram. Masu Tuwi suka kama, masu harshen Ga suka kama. A Nima, unguwar zango a Ankara, wasu samari suka kafa ƙungiyar VIP, suna sa Hausa cikin waƙarsu. A 2014 Reggie da kansa ya shiga cikinsu, aka sake mata suna VVIP.

Ban da waƙa, ya buɗe wurin sayar da waakye, wato shinkafa da wake. Sunan abincin nan daga kalmarmu ta "wake" ya fito.